Inda Inji Ya Gaza, Aka Tura Mutum: Ziyara Zuwa Carnobil

Daga Kiyef, babban birnin Yukren, zuwa shingen farko na yankin Carnobil tafiyar wajen awa biyu ce a ƙaramar bas, arewa sak, ta wajen iyakar Belarus. A kakar 2019 na yi wannan tafiya, ni da ɗan ƙanwata da ke karatun likita a ƙasar a lokacin. A shingen Dytiatky, kilomita 30 daga tashar nukiliyar da ta yi haɗari a 1986, 'yan sanda suka karɓi fasfo ɗinmu ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa da jerin sunayen da aka aiko musu tun da farko. Aka rataya wa kowa wata 'yar na'ura a wuya mai ƙirga tururin nukiliyar da jikinsa ya sha, aka karanta mana dokoki: riga mai dogon hannu da rufaffen takalmi, ba zama a ƙasa, ba ajiye jaka a kan ciyawa, ba cin abinci a fili, ba fita da ko tsinke. A shekarar ne wani fim mai dogon zango na HBO ya sa duniya ta sake tunawa da wurin, baƙi fiye da 100,000 suka shiga, don haka layin motoci muka tarar.

Da an wuce shingen sai hanya ta zama daga mu sai daji. A ƙauyen Zalissya muka fara tsayawa, kuma sai da mai yi mana jagora ta nuna da yatsa sannan na gane gidaje ne a cikin duhuwar, bishiyoyi sun fito ta tagoginsu. A Kopachi ko gidajen ma babu. Tururin ya kama katakonsu, aka rushe su aka binne, sai tuddai da 'yan alluna masu alamar haɗari. Mutum wajen 116,000 aka kwashe daga wannan yanki a 1986, daga baya aka ƙara tayar da wasu fiye da 200,000 a Yukren da Belarus da Rasha. Wasu tsofaffi, yawancinsu mata, suka komo gonakinsu a ɓoye, hukuma ta gaji ta ƙyale su.

Garin Carnobil, wanda tashar ta ari sunansa, yana wajen kilomita 15 daga ita, kuma bai mutu ba. Ma'aikatan yankin na kwana a cikinsa, su yi kamar mako biyu su fita su huta. A bakin ofishin 'yan kwana-kwana akwai mutum-mutumin siminti na wasu mutane riƙe da mesar ruwa, da likita, da mai auna tururi. 'Yan kwana-kwanan ne da kansu suka gina shi a 1996, shekara 10 bayan haɗarin, suka rubuta a jikinsa cewa na waɗanda suka ceci duniya ne. Aikin hannun ba na ƙwararru ba ne, fuskokin ma ba su fita sosai ba, amma ka gani ka san da zuciya aka yi shi. Ba nisa da nan, a wani fili da aka zagaye da waya, an jera saƙago-saƙagon da aka yi amfani da su a 1986: ƙananan injuna masu taya ko sarƙa, wasu da cebur a gaba, fenti ya koɗe. Ba a bari a taɓa su.

Na daɗe a tsakanin waɗannan abubuwa biyu fiye da ko'ina a tafiyar. Ga injunan da suka kasa, ga mutanen da suka yi aikin da jikinsu. Tambayar da ta bi ni har Kiyef ita ce: me ya sa Tarayyar Sobiyet, ƙasar da ta fara haɗa tashar nukiliya da layin lantarki a Obninsk a 1954, ta fara harba tauraron ɗan Adam a 1957, ta fara kai mutum sararin samaniya a 1961, ta wayi gari a 1986 ba ta da abin share rufi sai magidanta da cebur?

Abin da ya faru a daren haɗarin sananne ne. Tukunyar nukiliya ta 4 a tashar za a kashe don gyara, aka ce a yi amfani da damar a yi wani gwaji: idan wuta ta ɗauke, ko juyin da injin samar da lantarki yake yi kafin ya tsaya zai iya riƙe famfunan ruwan sanyaya na kusan minti guda, kafin janaretocin dizal su tashi? Da rana aka shirya yi, sai mai rarraba lantarki a Kiyef ya ce a dakata, ana buƙatar wutar. Aka yi jinkirin awa tara ko fi, aikin ya faɗa hannun masu kwanan dare da ba su shirya masa ba. Wanda ke riƙe da tukunyar, Leonid Toptunov, shekararsa 25, watanninsa kaɗan a wannan kujera. Ƙarfin tukunyar ya faɗi ƙasa warwas, suka zare sandunan da ke danne wutar kusan duka don su ɗago shi. Da ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilu aka danna maɓallin gaggawa mai suna AZ-5, wanda aikinsa shi ne ya tura sandunan gaba ɗaya su kashe tukunyar. Cikin daƙiƙu ta fashe, murfinta mai nauyin fiye da tan 1,000 ya yi sama ya dawo a karkace, cikinta ya yi kwana 10 yana ci yana feso guba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne maɓallin ceton ne ya ƙarasa ta. A ƙasan kowane sanda akwai guntun girafait, baƙin ma'adinin nan na bakin fensir, wanda idan sanda ya fara shiga yakan ture ruwa ya ƙara wa ƙasan tukunya wuta na ɗan lokaci kafin ɓangaren da ke kashewa ya iso. Tamkar mota ce da idan ka taka birki sai ta fara zabura kafin ta tsaya. Kuma an san da wannan aibi. An gano shi a 1983 yayin gwajin irin wannan tukunya, RBMK, a tashar Ignalina ta Lituweniya. Masu zanen suka yi rubuce-rubuce, suka ba da shawarar gyara, gyaran bai tabbata ba, kuma ba a zauna an fayyace wa masu riƙe da tukwanen cewa birkinsu na iya zaburar da su ba. Tun kafin nan, a Nuwamban 1975, tukunya ta farko a tashar Leningrad ta yi haɗarin da ya nuna rashin natsuwar wannan zane, aka rufe maganar. Tashar Leningrad na ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da makaman nukiliya ne, Carnobil kuwa na ƙarƙashin ma'aikatar lantarki, kuma sirrin waccan ba ya sauka zuwa wannan.

Mai yi mana jagora, matashiya da aka haifa bayan haɗarin, ta tsaya a kan wani abu guda da na ga yana ci mata rai. Gwajin da ya jawo masifar, ya kamata a ce an yi shi an ci nasara tun kafin a karɓi tukunyar. Amma a ƙarshen Disamban 1983 aka sa hannu cewa tukunya ta 4 ta kammala, domin cika alƙawari kafin shekara ta fita na nufin lada da lambobin yabo daga darakta har leburori. Rufin ɗakin injuna kuma da kwalta mai cin wuta aka shafe shi, saɓanin ƙa'ida, saboda ita ce ta samu. Tukunyar kanta ba ta da katafaren kurtun kankare da ke rufe irinta a wasu ƙasashe. A Three Mile Island ta Amurka, a 1979, cikin tukunya ya narke amma kurtun ya riƙe kusan komai. An zaɓi RBMK ne tun farko saboda ana iya harhaɗa ta gunduwa-gunduwa ba tare da ƙera babbar randar ƙarfe guda ba, aikin da masana'antun Sobiyet ba sa iya yi da yawa cikin sauri. Girmanta kuma ya sa rufe ta da kurtu zai ci kuɗi mai yawa, sai aka ce ai ba ta fashewa. Shugaban kimiyyar aikin, Anatoly Aleksandrov, shi ne kuma shugaban Cibiyar Kimiyya ta ƙasa baki ɗaya, yana da shekara 83 a 1986. Ministan da ke sama da harkar, Efim Slavsky, ya haura 85. Wa zai je ya gaya musu cewa abin alfaharinsu na da ciwo?

Mintuna kaɗan bayan fashewar 'yan kwana-kwana suka iso da kayan aikinsu na kullum. Laftanar Volodymyr Pravyk da Laftanar Viktor Kibenok, kowannensu shekara 23. Vasily Ignatenko, 25. Suka hau rufi suna kashe kwaltar da ke ci don kada wuta ta tsallaka tukunya ta 3, suna taka baƙaƙen duwatsu masu zafi ba su san daga cikin tukunya suka fito ba. Kafin asuba sun kashe wutar rufin, sun kuma fara amai. Shida daga cikinsu suka rasu a Asibiti na 6 a Mosko cikin watan Mayu. Mutum 134 ne aka tabbatar tururin ya yi wa mummunan kamu, 28 suka mutu a watannin farko, ban da biyu da suka rasu a ranar. Ɗaya daga biyun, Valery Khodemchuk, har yau yana ƙarƙashin ɓaraguzan. Toptunov da shugaban kwanansa Aleksandr Akimov ba su gudu ba. Suka shiga cikin gurɓataccen ruwa suna buɗe famfuna da hannu don tura ruwa ga tukunyar da ta riga ta tarwatse. Su ma a Mayun suka cika.

Pripyat, garin ma'aikata mai mutum kusan 50,000, kilomita 3 daga tashar, ba a kwashe shi ba sai bayan awa 36, a bas-bas fiye da 1,000, aka ce wa mutane su ɗauki kayan kwana uku. Mun zaga shi: makaranta, wurin ninƙaya, lilon nan mai kujeru ruwan ɗorawa da aka shirya buɗewa ranar 1 ga Mayu. Kowa ya ga hotunan, ba sai na tsawaita ba. Duniya ta ji labari ne ranar 28 ga wata, da na'urorin tashar Forsmark a Suwidin suka yi ƙara, ba daga bakin Mosko ba. Ranar 1 ga Mayu aka fito da yara faretin ranar ma'aikata a titunan Kiyef. Shugaban Sobiyet Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi ba sai 14 ga Mayu.

Maganar rufin ce ta fi tsaya mini. Kafin a rufe tukunyar da kankare dole a kwashe guntayen girafait da na makamashi da suka watsu a rufin ginin da ke kusa, a jefa su cikin ramin. A wasu wurare tururin ya kai dubban rontjin a awa guda, alhali wajen 500 a jiki ya isa ya kashe mutum. Aka kawo saƙago daga Jamus ta Yamma mai suna Joker, bai daɗe ba ya tsaya cak. Aka kira Alexander Kemurdzhian, wanda ya ƙera ƙafafun Lunokhod, motar da ta yi yawo a duniyar wata a 1970, shi da mutanensa suka haɗa STR-1 cikin gaggawa. Wannan ya yi aiki, ya share wani sashe, amma inda tururin ya fi tsanani lantarkin cikin injunan ke lalacewa, wasu kuma su maƙale a ɓaraguzai. Ku lura da wannan: fasahar da aka nemo don ceto a 1986 ta tawagar 1970 ce. A tsakanin waɗannan shekaru an gina tukwane manya-manya a ko'ina, ba a gina wa ranar da ɗaya za ta fashe komai ba, domin a takarda wannan rana ba za ta zo ba.

Sai aka koma ga mutane. A watan Satumba Janar Nikolai Tarakanov ya jagoranci aikin, da sojoji da kuma magidanta masu shekara 30 zuwa 40 da suka daɗe da gama soja, aka sake kiransu daga gonaki da masana'antu. Aka yanka musu fallayen darma aka ɗaura a ƙirji da baya da ƙasan mara, kaya mai nauyin kilo 25 ko fi. Za a nuna wa mutum a talabijin inda zai je da abin da zai ɗauka, ya fita a guje, ya kwashi cebur biyu ko uku ya jefa cikin rami, jiniya ta yi ƙara ya dawo. Daga daƙiƙa 40 zuwa minti 3. Shi ke nan, ya sha abin da doka ta yarda ya sha, a ba shi takardar yabo da ɗan lada, na bayansa ya fita. Mutum fiye da 3,000 suka bi wannan layi. Da aka gama, aka tura wasu uku suka hau dogon bututun iska da ke tsakiyar tururin don kawai su kafa jar tuta a ga an yi nasara.

A wurin cin abincin ma'aikatan tashar, bayan mun bi ta na'urar da ke duba hannu da ƙafa, ɗan ƙanwata ya tayar da maganar da ta sa miyarmu ta huce. Ya ce, "Kawu, ni fa ban gane ba. Wanda aka aiko wa takardar kira, in ya ƙi a ɗaure shi, ta ina ya zama mai sadaukarwa? Wani kuma an ninka masa albashi ne ya zo. Ai wannan tilas ne, wancan neman na kansa." Na ce masa, "Ɗana, kai da za ka zama likita, ranar da annoba ta ɓarke ana biyan ka albashi, dokar aiki kuma ta hana ka gudu. In ka shiga ɗakin marasa lafiya ka kamu, me za mu kira shi?" Ya yi shiru, amma bai gamsu ba, kuma yana da hujja. A cikin mutum wajen 600,000 da aka ba shaidar sun yi aikin sharar tsawon shekaru, akwai wanda ya zo don kishin ƙasa, akwai wanda ya zo don kuɗi ko gidan da aka yi masa alƙawari, akwai wanda aka tuso ƙeyarsa, akwai kuma wanda bai ma san abin da ake nufi da tururi ba. Wanda aka ɓoye wa girman haɗari bai ba da lafiyarsa ba, karɓe masa aka yi.

Sai dai ni a ganina bincike a kan tsarkin niyyar mai cebur ɓata lokaci ne. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Alexei Ananenko, ɗaya daga mutum uku da suka shiga ƙarƙashin tukunya a farkon Mayu suka buɗe famfunan da suka zubar da ruwan da ake tsoron narkakken makamashi zai faɗa ciki, ya sha faɗa a hirarraki cewa shi dai ranar aikinsa ce, kuma ya san inda famfunan suke. An daɗe ana yaɗa cewa su ukun sun mutu nan take. Ba haka ba ne, Boris Baranov ya rayu har 2005, Ananenko da Valeri Bespalov kuwa suna raye aka ba su lambar Gwarzon Yukren a 2019. Mahaƙa kwal wajen 400 daga Tula da Donbas sun haƙa rami mai tsawon kusan mita 150 ƙarƙashin tukunyar, cikin zafin da ya sa suke tuɓe kayan kariya, don a kafa na'urar sanyaya. A ƙarshe makamashin ya huce da kansa, ba a kunna na'urar ba. Wannan bai rage musu komai ba a idona, domin ranar da suka shiga ramin babu wanda ya san hakan, kuma kogin Pripyat a Dnipro yake zuba, wanda miliyoyi ke sha.

Tambayar da ta fi cancanta ita ce wa ya kai su nan. Kuma da na bi sawun amsar, sai na ga a kowace gaɓa akwai wani da aka nemi ya ba da abu ɗan ƙarami ya hana. Darakta ya haƙura da ladan ƙarshen shekara. Mai zane ya ce na yi kuskure, a tsayar da tukwane a gyara, ko da lissafin lantarkin bana zai ragu. Ma'aikata ɗaya ta buɗe wa 'yar'uwarta fayil. Dattijo ya sauka daga kujera. Ba wanda zai mutu a cikinsu. Suna ne zai ɗan dusashe, ko aljihu ya ɗan yi sauƙi. Wannan ma sadaukarwa ce, kuma ita ce wadda fasaha ke ci gaba da ita, tunda inji ba ya gyaruwa sai wani ya yarda a faɗi aibinsa a bainar jama'a. Ba a gina mata mutum-mutumi, shi ya sa take da wuya. Shaidar cewa gyaran ba gagara ya yi ba ita ce saurin da aka yi shi bayan haɗarin: cikin 'yan shekaru aka sauya zanen sandunan a sauran tukwanen RBMK, aka ƙara ingancin makamashin daga kashi 2 zuwa 2.4 cikin 100, aka rage lokacin da maɓallin gaggawa ke ɗauka. Wasu daga cikin tukwanen na aiki a Rasha har yanzu.

Ban kuma yarda cewa duk mai duba maslahar kansa abin zargi ne ba. Toptunov na son komawa gida da rai. Da an gaya masa gaskiyar birkinsa, son ransa kaɗai ya isa ya sa shi taka-tsantsan. Uwar da ke Pripyat, da an gaya mata da safiyar Asabar, da ba ta bar 'ya'yanta wasa a waje ba. Manoman Belarus, da an gargaɗe su da wuri, da ba su shayar da yara madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa ba, madarar da ta zama babban dalilin cutar dajin maƙoshi da ta kama fiye da mutum 6,000 daga cikin yaran wancan lokaci zuwa 2005. An hana talakawa kare kansu don manya su kare kansu, sannan aka dawo ana yi wa talakawan wa'azin sadaukarwa.

A Kiyef na ga cewa ciwon ya girmi Carnobil. A kudancin birnin akwai wani dogon titi mai sunan Viktor Glushkov, da cibiyar binciken kwamfuta da ya shugabanta. A gefen wannan birni, a Feofaniya, Sergei Lebedev ya haɗa MESM a 1951, ɗaya daga kwamfutocin farko a nahiyar Turai. Tun farkon shekarun 1960 Glushkov ya kawo tsarin OGAS: a haɗa masana'antu da ofisoshin ƙasar duka da layin kwamfutoci, bayanai su riƙa gudana kai tsaye. A Oktoban 1970 maganar ta je gaban manyan jam'iyya, ministan kuɗi Vasily Garbuzov ya tsaya a kan ƙafarsa ya ƙi, aka yi wa shirin ƙwange. Ma'aikatu na faɗa a kan wa zai riƙe bayanan, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a ƙasar da ake kumbura alƙaluma don a cika ƙa'idar shekara, injin da zai nuna ainihin lissafi abokin gaba ne. A 1969 kuma aka yanke shawarar a koma kwaikwayon IBM 360 ta Amurka maimakon raya nasu zanen, Lebedev na adawa. Mai kwaikwayo a baya yake tafiya. A ɗakin sarrafa tukunya ta 4, kwamfutar da ke lissafa yawan sandunan da suka rage a ciki takan ɗauki mintuna kafin ta ba da amsa, a daren da daƙiƙu ke yanke hukunci. Ina tsaye a wannan titi Ajaokuta ta faɗo mini a rai, masana'antar ƙarfen da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyet ya fara gina mana bayan yarjejeniyar 1979, wadda tun 1994 ake cewa an kammala kashi 98 cikin 100, babban tanderunta bai taɓa narka ƙarfe ba.

A gidan tarihin Carnobil da ke unguwar Podil, cikin tsohon ginin 'yan kwana-kwana, allunan sunayen garuruwan da aka tasa na rataye a saman matakala. A ciki akwai hotunan ma'aikatan sharar, an liƙa alamar tururi a kan waɗanda suka rasu. Daga cikin sunayen da ake ambata a wannan tarihi, na Valery Legasov ne ya fi ba ni tausayi, domin shi ya ɗanɗana sadaukarwar iri biyu. Mataimakin shugaban Cibiyar Kurchatov ne, ya isa wurin tun ranar farko, ya daɗe cikin tururi. A Agustan 1986 ya yi jawabin awa biyar a Biyana gaban hukumar nukiliya ta duniya, aka yaba masa da faɗin gaskiya, amma nauyin laifin a kan masu kwanan dare ya sauke shi, aibin zanen bai fito yadda ya kamata ba. A Yulin 1987 aka yi shari'a a garin Carnobil, aka yanke wa darakta Viktor Bryukhanov da babban injiniya Nikolai Fomin da mataimakinsa Anatoly Dyatlov shekara 10 kowanne. Babu mai zane ko ɗaya a gaban alƙali. Legasov ya koma yana neman a gyara tsarin harkar daga tushe, abokan aikinsa suka juya masa baya, suka kayar da shi a zaɓen majalisar cibiyar, aka tsallake sunansa a rabon lambar yabo. Ya naɗi abin da ya sani a kaset, a Afrilun 1988 ya rataye kansa yana da shekara 51. Ba na yabon wannan ƙarshe, ina baƙin cikinsa ne. Sai a 1992, bayan Tarayyar Sobiyet ta rushe, wani rahoton hukumar nukiliyar mai suna INSAG-7 ya mayar da babban nauyin kan zanen tukunyar da ɓoye-ɓoyen da ya kewaye ta.

Yau abin da ke tsaye a wurin tukunya ta 4 wata katafariyar rumfar ƙarfe ce mai ƙyalli, tsayinta mita 108, faɗinta 257, nauyinta wajen tan 36,000. Tsohon kabarin kankaren da aka gina cikin gaggawa aka gama a Nuwamban 1986 ya fara tsattsagewa, sai ƙasashe fiye da 40 suka haɗa kuɗi ta hannun bankin EBRD, kamfanonin Faransa suka gina wannan a kan kusan Yuro biliyan 1.5. A can gefe aka harhaɗa ta, nesa da tururin, sannan aka turo ta a hankali ta rufe tsohon a Nuwamban 2016, da ƙugiyoyi a ciki da ake sarrafawa daga nesa don kada a sake tura mutum. Muna tsaye gabanta na'urorin auna tururi da ke hannunmu ba su ko yi ƙara ba, alhali a gefen dajin da ake kira Jan Daji sun yi ta kuka. An gina ta ne ta yi shekara 100.

Yanzu ba a kai baƙi. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka shigo ta Belarus suka kama tashar, ma'aikatan da ke kwana a ranar suka yi fiye da mako uku ba canji, suna kula da tsohon makamashi a bakin bindiga, kafin a bari wasu su karɓe su. Sojojin suka janye a ƙarshen Maris. Ranar 14 ga Fabrairun 2025 jirgi marar matuƙi ya faɗa kan rumfar ya huda ta. Yukren ta ce na Rasha ne, Rasha ta musanta. Wuta ta kama abin da aka shimfiɗa tsakanin fallayen rufin tana ci a ɓoye, 'yan kwana-kwana suka riƙa hawa da igiya cikin sanyin hunturu suna fasa ƙarfe suna zuba ruwa, sai a farkon watan Maris aka tabbatar ta mutu.